Goron Kurmi, Albasar Arewa: Abinci da Zamanmu na 'Yan Ƙasa Ɗaya

  

A makon jiya, bayan mun tashi daga darasin Ahalari, wani yaro da bai wuce shekara 11 ba ya tsaya a bakin ƙofa har sauran suka watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, don Allah amala halal ce?" Na ce masa me ya kawo wannan tambaya? Sai ya ba ni labari cewa wasu Yarbawa ne suka tare a gidan da ke jikin nasu, matar gidan ta aiko musu da kwanon amala da miya. Mahaifiyarsa ta karɓa, ta yi godiya, ta sa albarka, amma 'yar aike na juya baya sai ta ce kada wanda ya taɓa, "mu ba ma cin abincinsu." Da almajiri ya yi sallama aka juye masa. Yaron ya ce, "To Malam, in haram ce, don me aka ba almajiri? In kuma halal ce, don me aka hana mu?"

Na daɗe ina koyarwa, amma ban cika samun tambayar da ta kai wannan tsari ba, ko daga manya. Ta kuma tsaya mini a rai ne saboda ni ma na taɓa tsayawa a inda mahaifiyarsa ta tsaya. Lokacin da na yi bautar ƙasa a wani gari kusa da Ibadan, na kama ɗaki a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Alhaja. Kusan kullum sai ta aiko mini da abinci, ni kuwa kullum da uzurin da zan kawo: yau na ƙoshi, gobe cikina ba daɗi, jibi ina azumin nafila. Na fi wata guda ina rayuwa a kan garin kwaki da burodi da shayin wani Basakkwace da ke bakin tasha. Alhali kuwa wannan baiwar Allah ta riga ni zuwa Makka, kuma sau da yawa motsin butarta ne ke tashina sallar asuba. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, na kasa ko fita, ita ce ta zauna a kaina da kwano. Na ci don ba yadda zan yi. Ina cikin ci sai na gane cewa koriyar miyar nan mai yauƙi da suke kira ewedu, lalo ce, irin wadda kakata ke tsinkowa a bayan gida da damina. Ta gefenta, wadda suke kira gbegiri, miyar wake ce. Ƙamshin da ke tashi kuwa na daddawa ne, su suna ce mata iru. Wata guda ina gudun lalo da wake da daddawa da sunan tsantseni!

Tun daga ranar nake tunanin irin rawar da abinci ke takawa a zaman ƙasa irin tamu, mai ƙabilu fiye da 250, wadda Turawa suka haɗe Kudu da Arewacinta a 1914 ba tare da sun tambayi kowa ba. Idan ka tambayi matasan yau wane abinci ne tutar Nijeriya, nan take za su ce maka jalof, wato abin da mu muke kira dafa-duka. Sun yi shekaru suna cacar baki da 'yan Gana a intanet a kan ta wa ta fi daɗi, har a watan Satumba na 2025 wata mai girki, Hilda Baci, ta dafa tukunya guda mai nauyin fiye da kilo 8,000 a Legas, aka shigar da ita kundin bajinta na Guinness. Ban ga laifin wannan nishaɗi ba, domin duk abin da zai sa Bahaushe da Bayarabe da Ibo su tsaya a sahu ɗaya, ko da na wasa ne, abin so ne. Sai dai idan muka buɗe tukunyar muka duba, za mu ga sunan kansa daga Senigal ya zo, daga daular Jolof ta mutanen Wolof, kuma shinkafa da kifinsu da ake ganin ita ce uwar wannan girki ita hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a Disambar 2021. Tumatir da barkono daga nahiyar Amurka suka fito, kamar yadda masara da rogo da gyaɗa suka fito. Dunƙulen Maggi asalinsa ƙasar Suwizalan. In kuwa abin da kowa ke ci shi ne ma'auni, to Indomie ta fi jalof cancanta, don babu lungun da ba ta shiga ba, ita kuma asalinta Indunusiya.

Saboda haka ni a ganina, neman kwano ɗaya da za a ce shi ne Nijeriya aikin baban giwa ne, kuma akwai haɗari a cikinsa. Duk inda masu rinjaye suka mai da wani abinci ma'aunin zama ɗan ƙasa, marasa rinjaye ne ke kwana a ciki. Bayan faɗuwar Garnaɗa a Andalus a 1492, Musulmi da Yahudawan da aka tilasta wa shiga Kiristanci an riƙa sa musu ido a kan naman alade, wanda aka ga yana ƙin ci sai a tuhume shi da ɓoye tsohon addininsa. A Indiya kuma, a watan Satumba na 2015, taron jama'a sun kashe wani Musulmi mai suna Muhammad Akhlaq a yankin Dadri a kan jita-jitar cewa akwai naman saniya a gidansa. Allah Ya kiyashe mu da irin wannan kishin ƙasa.

Abin da ya ɗinke mu, in an lura, yana kan hanyar da abincin ke bi kafin ya iso kwano. Ɗauki goro. Akwai abin da ya kai goro zama na Bahaushe? Da shi ake neman aure, da shi ake ɗaura shi, da shi ake raɗin suna. Ya shiga harshenmu har ya zauna: goron gayyata, goron Sallah, goron albishir. Amma fa bishiyarsa ba ta yi a ƙasar Hausa, 'yar kurmi ce. Ɗaruruwan shekaru kakanninmu fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna kora jakuna wata da watanni zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, su kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga su dawo da huhunan goro. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara kafin gyaɗa ta ɗaukaka shi. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 manoman ƙasar Yarbawa suka rungumi shuka irin goron da Bahaushe ke so, a wuraren Agege da Ota da Shagamu, kuma har yau sunan da suke kiransa da shi, gbanja, yana ɗauke da sunan Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai hanya ta juya: goro ya riƙa hawowa daga Kudu, shanu suna gangarawa. A kan wannan ciniki unguwar Sabo ta Ibadan ta kafu a 1916. Ibo kuma suna da nasu goron mai ɓari da yawa da suke girmamawa ƙwarai, ba a buɗe taro sai an fasa shi, namu kuwa suna ce masa goron Hausa. Shi ya sa ake cewa Bayarabe ke noma goro, Bahaushe ke cin sa, Ibo ke girmama shi.

Ka ga ke nan, kafin a rera taken ƙasa, kafin a ɗinka tuta, auren Bakano ba ya ɗauruwa sai manomin Shagamu ya yi gumi.

Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren. Bikin Bayarabe ba ya cika sai an kayar da sa, san nan kuwa wataƙila daga kasuwar Potiskum aka loda shi. Albasar da ke cikin miyar matar Fatakwal daga Aliero ko fadamun Sakkwato ta taso, tumatirin kasuwar Mile 12 ta Legas da rani daga Kadawa da makamantanta, waken da ake yin akara, wato ƙosai, ya bi ta Dawanau, bandar kifin Tafkin Chadi kuma har Onica take kaiwa. Mu kuma manjan da muke zubawa a wake da shinkafa da alala daga ina yake? Garin kwakin da ya raini ɗaliban makarantun kwana fa? Doyar Binuwai da ta Neja ta ratsa ko'ina. Kalmomi ma sun bi kayan. Mun ari albasa daga Larabci, Yarbawa suka karɓa suka ce alubosa. Ibo na ce wa shinkafa osikapa. Mu muka karɓi agushi da teba da agada daga bakinsu. Suya kuwa ta yi nisan da a farkon 2025 aka ba da sanarwar shigarta babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford tare da eba. Babu gwamnatin da ta kafa kwamiti a kan wannan. Direban tirela da ɗan dako da dillali da mai tsire da matar buka ne suka yi shi, kowa yana neman na tuwo.

To amma kada in yi wa mai karatu daɗin baki. Cin abincin mutum ba ya nufin son sa. Akwai wanda duk dare sai ya ci tsire, amma mai tsiren bai wuce "aboki" a bakinsa ba, da irin muryar da ta mai da wannan kyakkyawar kalma zagi. Akwai namu da ba ya iya cin abinci sai da manja, amma in ya tashi aibata mutanen da suka tatso shi ba ya rage komai. Da abinci ma ake yi wa juna ba'a: Ibo na kiran Yarbawa masu miyar mai, Yarbawa na kiran Ibo masu cin dutse ba ruwa, mu kuma mun daɗe muna kiran Tibi da wani suna da aka ce ya samo asali daga "mun ci", sunan da su ba sa so. Mutanen Jos sun yi shekaru suna cin abincin Sallah da na Kirsimeti a gidajen juna, hakan bai hana abin da ya faru a Satumbar 2001 ba. Ciniki yana haifar da bukatar juna ne kawai. Kafin bukata ta zama haƙƙi da mutunci sai an haɗa da tarbiyya, kuma a nan ne nake ganin mu malamai muke da aiki, muka kuma yi sakaci.

Sakacin farko shi ne mun bar mutane suna cakuɗa haram da ƙyama. Abin da Allah Ya haramta a ci sananne ne, kuma ƙididdigagge: mushe, da jini, da naman alade, da abin da aka yanka don wanin Allah, da giya, da 'yan wasu abubuwa da Sunna ta ƙara, waɗanda malamai suka yi bayani. A kan waɗannan babu sassauci, babu kara, ko da za a ce maka ba ka da kishin ƙasa. Abin da ya saura kuwa asalinsa halal ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) gasasshen dabbu, wata dabbar sahara mai kama da damo, a ɗakin Nana Maimuna. Ya miƙa hannu, da aka gaya masa ko mene ne sai ya janye. Khalid bin Walid (RA) ya tambaye shi ko haram ne, ya amsa masa cewa ba haram ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa ba ya so. Khalid ya jawo kwanon ya ci, Annabi (SAW) yana kallonsa. Dubi yadda aka raba abu biyu a zama ɗaya. Yana da damar ƙin ci, ya kuma ƙi. Amma bai mai da abin da ransa ba ya so ya zama doka a kan wani ba, bai kuma aibata mai ci ba. Abu Huraira (RA) ya ba da shaida cewa bai taɓa kushe wani abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

Mu da muke bin mazhabar Imamu Malik ma ya kamata mu fi kowa sauƙi a wannan babi. A mazhabarmu dabbobin ruwa halal ne, saboda haka jatan lande da ƙaguwa da ake zubawa a miyar Kudu ba su da wata matsala. Dodon koɗi da muke yamutsa fuska in an ambata, an tambayi Imamu Malik game da shi a Mudawwana, ya ba shi hukuncin fara: wanda aka kama da rai aka dafa ko aka gasa babu laifi, wanda aka tsinta matacce a bar shi. Fara kuwa, ai mu ne gwanayen cin ta da yaji. Na taɓa buɗe ƙullin soyayyar fara a gaban wani abokin aikina ɗan Kudu, ya ja da baya kamar ya ga maciji, daidai yadda na ja da baya ranar da na fara ganin dodon koɗi a miyarsa. Abincin wani gubar wani, in ji masu iya magana. Dukanmu biyu al'ada ce ta motsa mu, ni kaɗai ne na yi niyyar jingina tawa ga addini.

Game da wanda ba Musulmi ba kuma, aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, ta kuma halatta musu namu. Annabi (SAW) ya yi ciniki da Yahudawan Madina, har ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Na san akwai tafsili a kan yanka, da kuma saɓanin malamai a kan abincin ranakun bukukuwan addini, kuma ba nan ne wurin warware shi ba. Wanda ya yi tsantseni a kan nama saboda bai san yadda aka yanka ba, ban ce ya yi laifi ba. Amma mene ne na tsantseni a kan dafaffiyar doya, ko lemo, ko ɗanyar shinkafa? Na kuma ga Kiristoci da dama, a Kudu da Arewa, da ke kiran Musulmi ya yanka musu kaza ko akuya musamman don maƙwabtansu su iya ci. Mutumin da ya yi maka wannan kara, ya girmama addininka da dabbarsa da kuɗinsa, mene ne sakamakonsa in ba kyautatawa ba?

Sakaci na biyu ya fi na farko nauyi, kuma a nan zan fi daɗewa, domin ni kaina ban fita ba. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha da ke Ibadan. Rahotanni sun ce ya faro ne daga saɓani a kan kayan gwari da suka zube wa wani ɗan dako a gaban wani shago, aka yi sa-in-sa, wani mai gyaran takalma ya rasa ransa, gari ya waye da ƙone-ƙone. An kashe mutane, an ƙona shaguna da gidaje, 'yan Arewa da yawa suka kwaso iyalansu suka dawo gida, wasunsu kuwa a can aka haife su. A ranar 25 ga watan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu, tana neman diyya da kariya ga mambobinta. Aka riƙa tare motoci a wajen Jebba. Cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa da nama suka yi tashin gwauron zabo a Legas da Ibadan, har aka janye matakin a ranar 3 ga Maris.

Ba zan ɓoye ba, a ranakun farko na ji wani sanyi a raina. Na ce bari su ɗanɗana, su san cewa wanda suke rainawa shi ke ciyar da su. Haka na ji mutane da yawa suna faɗa a majalisu, har da wasu masu wa'azi. Abin da ya fara dawo da ni hayyacina shi ne labarin da ke zuwa daga gonaki: kwandunan tumatir jibge a bakin hanya suna ruɓewa, farashi ya faɗi warwas a kasuwannin Arewa, manomin da ya ci bashin taki da man injin ban ruwa yana kallon guminsa yana zama ruwa. Tumatir ba ya jiran sulhu. Wanda aka so a hora a Legas ya sayi na gwangwani ya yi miyarsa, talakan da ke gefensa ya kwana da yunwa alhali bai san hanyar Shasha ba, manomin Kadawa kuma ya kwana da bashi. Waɗanda suka kunna wutar babu abin da ya same su.

Abu na biyu shi ne ƙissar Sumama bin Usal (RA), shugaban Banu Hanifa na Yamama, wadda na sha karantar da ita ban taɓa kawo ta kusa da kaina ba. An kamo shi aka ɗaure a jikin ginshiƙin masallacin Madina, bayan kwana uku Annabi (SAW) ya sa aka sake shi, ya je ya yi wanka ya dawo ya musulunta. Da ya je Umra Kuraishawa suka yi masa gori, sai ya rantse cewa ko ƙwayar alkama ɗaya ba za ta sake zuwa musu daga Yamama ba sai da izinin Manzon Allah (SAW). Ya kuwa cika. Makka gari ne da ba ya noma, yunwa ta kama su, har suka rubuta wa Annabi (SAW) suna roƙonsa da zumuncin da ke tsakani. Malaman Sira sun ce sai ya aika wa Sumama cewa ya sakar musu abinci. Ka tuna su wane ne waɗannan. Su ne suka tsare shi da danginsa a kwarin Abu Ɗalib kimanin shekara uku, ba saye ba sayarwa, har aka ci ganyen itace, ana jin kukan yara daga bayan kwarin. Su ne suka kore shi daga garinsu, kuma a lokacin suna cikin yaƙi da shi. Makamin da suka yi amfani da shi a kansa ya faɗo hannunsa, ya mayar da shi kube. In haka ya yi da masu yaƙarsa, ina hujjata ta yin murna da yunwar mutanen da muke ƙasa ɗaya, waɗanda miliyoyinsu ma alƙiblarmu ɗaya?

A fahimce ni da kyau. Koken 'yan kasuwar nan gaskiya ne. An kashe musu mutane, an ƙona dukiya, ga harajin kan hanya da shingaye marasa iyaka da suka daɗe suna kuka da su. Direban da ya ce ba zai kai kansa inda za a kashe shi ba yana da cikakken haƙƙi, babu mai tilasta masa. Neman diyya da hukunta masu laifi wajibi ne a kan hukuma. Inda na tsaya shi ne tare hanya a hana wanda ya yi niyyar tafiya, da ƙulla niyyar jefa gari guda cikin yunwa saboda laifin wasu 'yan tsiraru. Haka nan waɗanda suka riƙa kiran a ƙaurace wa naman shanu a Kudu don a karya Bafulatanin da bai san hawa ba bai san sauka ba, kuskure ɗaya ne aka juya masa riga. Suratu Kuraish, da yaranmu ke haddacewa tun suna ajin farko, ta haɗa ni'imomi biyu wuri ɗaya, ciyarwa daga yunwa da amintarwa daga tsoro, bayan ta ambaci tafiye-tafiyen fatauci na hunturu da bazara. Duk wanda ya taɓa ɗaya, ɗayar ma sai ta girgiza. Mun gani da idonmu a 'yan shekarun nan: da 'yan bindiga suka hana manoman Zamfara da Katsina da Neja shiga gonakinsu, tukunyar Aba da ta Abekuta ma sun ji a jikinsu, kuma lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, ba ta tambayi kowa yarensa ba.

Akwai kuma amana, wadda ita ce igiyar da ta riƙe duk wannan. Wanda ya sayi tsirenka ya sa a bakinsa cikin duhun dare bai ga yankan ba, bai ga inda naman ya kwana ba. Ya ba ka amanar cikinsa da na 'ya'yansa, ko da da rana ya zage ka. Shekara da shekaru sunan Bahaushe a Kudu ya tsayu a kan cewa mudunsa cikakke ne, kuma in ka bar masa ajiya za ka tarar da ita. Wannan jari ne da kakanni suka tara, kuma da'awa ce da ta fi ta lasifika isa. Duk ɗan kasuwar da ya zuba maganin ƙwari mai guba a wake don kada ya yi ƙwari, ko ya nuna ayaba da sinadari, ko ya jera manyan tumatir a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, daga wannan jari yake ɗiba, haka ma wanda ya zuba rini a manja ya turo mana. Annabi (SAW) ya taɓa cusa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi a kan don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Hadisin bai ware ko wane ne mai sayen ba.

Amsar da na ba yaron nan gajera ce. Na ce masa amala garin busasshiyar doya ce aka tuƙa, halal ce kamar tuwon dawa. Wanda ransa bai so ba dole, amma kada ya ce Allah ne Ya hana. Na kuma ja masa kunne kada ya je ya ce wa mahaifiyarsa Malam ya ce ta yi kuskure, domin na san ba mugunta ce ta sa ta ba, abin da ta taso ta tarar ne, kamar yadda ni ma na tarar. Na ce dai ya tambaye ta cikin ladabi ko an mayar wa maƙwabciyar da kwanonta, in ba a mayar ba, ai a al'adarmu ba a mayar da kwano wayam.

Shekaranjiya ya zo da wuri, ya same ni ina share allo. Ya ce an mayar da kwanon da dambun zogale a ciki, shi aka aika. Matar ta buɗe, ta daɗe tana dubawa, ta tambaye shi da cokali ake ci ko da hannu, kuma ana zuba masa miya ne ko haka nan ake ci. Ya ce mata da hannu ya fi daɗi, a ɗan zuba mai da yaji. Ta ce ya dawo ranar Asabar ya karɓi kwanon.